Kocin gida ko na waje: wa ya fi yi wa Super Eagles aiki?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kocin gida ya taɓa ɗaga wa Super Eagles Kofin Afirka. Ƙwarai kuwa. Sau uku Najeriya ta ci kofin: a 1980 a Legas ƙarƙashin Otto Gloria ɗan Brazil, a 1994 a Tunisiya ƙarƙashin Clemens Westerhof ɗan Holand, sai 2013 a Afirka ta Kudu, inda kocin gida marigayi Stephen Keshi ya doke Burkina Faso da ci ɗaya mai ban haushi, ƙwallon Sunday Mba. Keshi shi ne kyaftin a 1994, ka ga ya ci yana ɗan wasa, ya dawo ya ci yana koci.

Wanda labarinsa ya fi sosa min rai shi ne Shuaibu Amodu. Sau biyu yana kai ƙungiyar Gasar Kofin Duniya, ta 2002 da ta 2010, sau biyu ana sallamarsa kafin a tafi. Wani kocin gida, Adegboye Onigbinde, ya je ta farko, Lars Lagerbäck ɗan Sweden ya je ta biyu, kuma dukansu ba su wuce zagayen rukuni ba. Wallahi an zalunci bawan Allahn nan. Ya rasu a Yunin 2016, kwana uku bayan Keshi.