Aikin canza gaɓar kwatangwalo: ta gaba ya fi ko ta baya?

Tambaya: Likita barka da aiki. Mahaifina shekararsa 67, gaɓar kwatangwalonsa ta dama ta cinye, ko takalmi ba ya iya sawa da kansa. An ce za a canza masa ita, kuma likitan ya ce ta baya zai shiga, ni kuma na karanta a intanet cewa ta gaba ya fi saurin warkewa. Mu nemi wani likitan ne?

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. A gaskiya ni dai ba zan ce ku bar likitan da ya ƙware a hanyar baya don kawai an yabi ta gaba ba.

Shi aikin ɗaya ne ko ta ina aka shiga. Za a yanke kan ƙashin cinya da ya lalace, a kankare ramin da yake zama a ciki, a sa kofin ƙarfe mai shimfiɗar roba mai ƙarfi ko seramik, sannan a zura sandar ƙarfe cikin ƙashin cinya a ɗora mata ƙwallo. Tun 1962 da likitan ƙashi Sir John Charnley ya daidaita wannan tsari a asibitin Wrightington a Ingila, ginshiƙin bai canza ba. Abin da ake musu a kai shi ne ƙofar da za a bi.

Ta baya ita ce aka fi bi a duniya. Ana kwantar da mutum a gefe, a tsaga ta wajen mazauni, a yanke wasu ƙananan tsokoki da ke juya ƙafa waje, in an gama a mayar a ɗinke. Likita yana ganin komai sarai, in ma wani abu ya kwaɓe zai iya ƙara tsagar. Laifin da ake ɗora mata shi ne gocewa, wato ƙwallon ya fita daga kofi, amma fa tun da aka koma ɗinke tsokokin da kyau ana kuma sa ƙwallo mai ɗan girma, abin ya ragu sosai.

Ta gaba kuwa ba a yanke tsoka, ana buɗa tsakanin tsokoki biyu ne a wuce, shi ya sa a makonnin farko wasu ke saurin ajiye sanda. Kuma ba sabuwa ba ce kamar yadda ake tallarta, wani likitan ƙashi mai suna Smith-Petersen ya bayyana ta tun 1917. Ita ma tana da nata, akwai wata jijiya da ke kai saƙon ji zuwa fatar cinya, in aka taɓa ta sai mutum ya riƙa shafa gefen cinyarsa yana jin kamar ba jikinsa ba, ga wuyar koyo, likitan da bai saba ba zai iya tsaga ƙashin cinya wajen zura sandar, kuma mai tumbi ciwonsa kan yi jinkirin warkewa saboda yana ƙarƙashin naɗin fata inda gumi ke taruwa.

Akwai ta gefe ma, ba ta cika gocewa ba, sai dai wasu sukan ɗan jima suna ɗingishi don an raba tsokar da ke riƙe ƙugu.

To bayan wata 3 zuwa shekara, in kika ga wanda aka yi wa ta gaba da wanda aka yi wa ta baya suna tafiya da wuya ki gane wa aka shiga ta ina. Don haka tambayar da za ku yi wa likitan Baba ita ce, sau nawa yake yin wannan aikin a shekara, kuma wace hanya hannunsa ya fi sabawa da ita.

Batun jinya nan ne aikinku yake. Ranar tiyata ko washegari za a miƙar da shi ya taka da abin dogarawa, kar tausayi ya sa ku hana, kwanciyar ce ke kawo daskarewar jini a ƙafa. Maganin tsinka jinin da za a ba shi, sau da yawa har zuwa kwana 35, kar ya yi fashi. In ta baya aka bi, yawancin likitoci kan ce kimanin mako 6 kar ya zauna inda gwiwarsa za ta ɗara ƙugunsa tsayi, kar ya harɗe ƙafa, kar ya sunkuya ɗaukar abu a ƙasa. Ku nema masa kujera mai tsayi mai hannu, a ɗaga masa mazaunin banɗaki, in zai kwanta a gefe a sa filo tsakanin gwiwoyinsa, a kuma kwashe duk wata waya ko darduma da zai iya tuntuɓe da ita. Atisayen masu fisiyo, wato masu koyar da motsa gaɓoɓi, kullum ne, ko yana mita.

In kuka ga ƙwabrinsa ya kumbura yana zafi, ko numfashi na yi masa wuya, ko wurin ɗinkin na fitar da ruwa ga zazzaɓi, ko ya ji wani azababben zafi ƙafar ta gajarta ta karkace, ku wuce asibiti a take, ko da tsakar dare ne.