Yin shiru ya isa yafiya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko daina zancen laifin da yayanka ya yi maka ya isa yafiya. Kierkegaard, masanin falsafa ɗan Denmak, ya bambanta su a 1847: shiru rufe laifi yake yi, uzuri ya rage shi, yafiya ce ke ɗauke laifin da ba ya musantuwa.

Na shekara biyu ina gaisawa da wani da ya yi mini laifi, amma da ya shigo zaure sai shayi ya tsaya mini a maƙogwaro. Ashe haɗiyewa na yi, ban yafe ba.

Kada ka ce "na yafe" don idon dangi kawai. In abin yana hana ka barci, ka ga likita. In da duka a ciki, kai ƙara.