Amsa ga mai tambayar taurin ruwan akwariyom a Yamai

Salamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka: akwariyom (akwatin gilashi na kiwon kifi) na litar 100 a nan Yamai, kifayen gupi da moli suna mutuwa ɗaya-ɗaya, ɓawon dodon koɗin da ke ciki ya yi fari yana hujewa, takardar gwaji ta nuna GH (ma'aunin taurin ruwa) 3, kuma wani ya ce ka jefa kanwa. Don Allah dakata da kanwar nan tukuna, zan faɗa maka dalili.

Ruwan famfonmu daga kogin Kwara ake jawo shi, a tace a Gudel, kuma ruwan kogin ba shi da ma'adinai da yawa. Shi ya sa sabulu ke kumfa nan da nan, har ka yi ta ɗauraya santsi bai fita ba. Duk wanda ya yi wanka da ruwan wasu rijiyoyin Adar ya san bambancin. Ga sha da wanki babu laifi, amma gupi da moli da plati kifayen ruwa mai tauri ne, wato mai ma'adinai da yawa, haka ma kifayen tafkin Malawi. Da a ce neyon tetra ko diskus ka saka, da na ce ka bar ruwanka yadda yake, don irinsa suke so.

Abin da ya daɗe yana rikita ni da na fara shi ne, taurin nan iri biyu ne. GH yana auna kalsiyom da magneziyom, waɗanda kifi ke gina ƙashi da su, dodon koɗi kuma ya gina ɓawo. KH yana auna bikarbonat, shi ke riƙe pH (ma'aunin tsamin ruwa, in ya faɗi ruwa ya yi tsami) kada ya faɗi. Ƙwayoyin halittar da ke cikin matatar ruwan akwatin, masu cinye dattin kifi, kullum suna cin KH kaɗan-kaɗan. Idan dama kaɗan ne, ranar da ya ƙare sai ruwan ya yi tsami farat ɗaya, ka wayi gari kifaye sun taru a sama suna haki. Ka ba mu GH kawai, to ka auna KH ɗin ma. In ka samu gwajin ɗigo, wanda ake ɗiga magani a ɗan ruwan akwatin, ya fi takarda faɗin gaskiya, musamman takardar da ta sha zafin shago.

Kanwa sodiyom ce zalla a wannan fanni, ba za ta ƙara maka GH ko ɗigo ba. Abin da take yi shi ne ta harba pH sama da sauri, kuma kowane dunƙule da ƙarfinsa, ba ka da ma'auni. Ni na gwada a shekarata ta farko, ɗan guntu kamar ƙwayar gujiya. Kafin la'asar ruwan ya yi hazo, washegari na kwashe moli shida matattu, cikinsu har da mai ciki da nake jiran haihuwarta. Daga baya na fahimci cewa idan pH ya hau, amoniyar da dattin kifi ke bari cikin ruwa ta fi zama guba. Har yau abin yana yi mini ciwo. Gishirin miya ma ba ya ƙara tauri, farar ƙasar shafen bango kuwa ta fi kanwa haɗari.

Hanyar da nake bi yanzu, wadda zan ba duk mai farawa, ita ce ɓawon kawa na teku, dakakken nan da masu kiwon kaji ke ba kaji masu ƙwai. Ka tabbatar tsurarsa ne ba a gauraya da dusa ko magani ba. Ka wanke shi har ruwan ya daina fari, ka tafasa, ka ƙulle kamar cikin hannu ɗaya a tsohuwar safa mai tsabta, ka sa cikin matatar akwatin inda ruwa ke wucewa. Kyawunsa shi ne yana narkewa ne daidai da tsamin ruwan: in ruwa ya yi tsami ya narke da yawa, in pH ya haura 7 da rabi sai ya lafa da kansa. Yana ɗaga GH da KH tare. Sai dai yana son haƙuri, mako biyu ko uku kafin ka ga lamba ta motsa sosai. Ɓawon ƙwai ma yana yi in ka tafasa ka cire fatar nan ta ciki, amma yana saurin zama gari ya ɓata ƙasan akwatin.

In kana da mai zuwa Tahoua, ka roƙe shi ya zo maka da farin dutsen wajajen Malbaza, irin wanda ake siminti da shi. Ka ɗiga masa lemun tsami, in ya yi ƴan kumfa to shi ne. Nawa guda biyu sun shekara uku a ciki, sun zama ado kuma suna aiki.

Idan ɓawon bai kai ka GH 8 zuwa 10 da gupi ke so ba, sai a koma ga awo. A litar 100, giram 3 na jips (farin garin ma'adini mai ba da kalsiyom) mai tsabta yana ƙara GH daraja ɗaya, gishirin Epsom na farmasi (mai ba da magneziyom) giram 4 da rabi shi ma daraja ɗaya, bikarbonat na girki giram 3 yana ƙara KH daraja ɗaya. Kalsiyom ya kamata ya rinjayi magneziyom kamar uku ga ɗaya, saboda haka kada ka dogara da Epsom shi kaɗai. Ni a bidon mai litar 25 nake haɗawa: jips giram 2 da ɗan ɗori, Epsom giram 1, bikarbonat giram 2. Ina barinsa ya kwana a buɗe don kulorin ya fita, jips ɗin ma ya samu narkewa, sannan in canza da shi sau ɗaya a mako. Sayi ƙaramin sikelin nan na masu zinariya, cokali yana yaudara. Kada ka zuba gari kai tsaye a kan kifi, kuma kada ka ɗaga fiye da daraja ɗaya ko biyu a yini.

Ga bazara tana tafe. A Afrilu da Mayu, da zafi ya wuce digiri 40, za ka ga ruwa ya ragu da yatsa biyu cikin ƴan kwanaki. Ruwan ne kaɗai ke tashi, ma'adinan suna nan. Wanda za ka cika gurbin da shi ya zama ruwan famfo da ya kwana, ba haɗin bidon ba, in ba haka ba taurin zai yi ta taruwa ba ka sani ba.

Ramukan ɓawon dodon koɗin ba za su cike ba, amma ka duba bakin ɓawon bayan wata guda, sabon da ke fitowa zai zo da kauri da launi. Ka turo mana KH da pH ɗinka, da kwana nawa kake yi kafin canjin ruwa, sai mu daidaita awon da akwatinka. Allah ya raya sauran.