Amsar tambayar Kawu kan ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a

Assalamu alaikum. Kawu, barka da yamma, ya gida, ya iyali? 'Yan uwa, ina gaishe ku baki ɗaya. Na ga hoton da Kawu ya turo ɗazu, wanda aka ce wai an yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a an gano wanda zai ci zaɓe, na kuma ga tambayar da ya ɗora a ƙasa. Ya ce shi dai duk tsawon rayuwarsa ba a taɓa tsayar da shi an tambaye shi ba, bai kuma san wanda aka taɓa tambaya ba, to daga ina suke samo lambobin nan, kuma abin yarda ne? In na ce zan rubuta abin zai yi tsawo, shi ya sa na yi murya, a yi haƙuri da ni.

To Kawu, Allah ya ƙara girma, rashin tambayarka ba shi ne aibin abin ba. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin yadda ake cinikin hatsi a Dawanau. Mai sayen buhu ɗari ba ya zazzage su a ƙasa ya duba ƙwaya ƙwaya. Ɗan ƙarfen nan mai rami yake sokawa, hatsi kaɗan ya zubo masa a tafin hannu, ya duba, ya ciza, ya yanke farashi. Amma ka lura, wanda ya san kan sana'ar ba ya tsayawa kan buhunan da ke bakin shago, sai ya sa an janyo na can ciki, ya soka sama, ya soka tsakiya, ya soka gindi, don ya san wani mai kayan yakan jera mai kyau a gaba. To aikin nan ma haka yake. Masu rajistar zaɓe a Najeriya a 2023 sun haura miliyan 93. In an tambayi mutum 2,000, ka ga mutum ɗaya ke nan cikin sama da 46,000. Sai ka shekara tamanin kiran bai faɗo kanka ba.

Akwai lissafi a ciki, kuma lissafin ba ƙarya ba ne. In aka zaɓo mutum 1,000 ta hanyar kan-mai-uwa-da-wabi, wato kowa a ƙasar yana da dama iri ɗaya ta faɗowa ciki, abin da suka faɗa zai yi kusa da ra'ayin ƙasar gaba ɗaya, da tazarar kuskure ta kashi 3 sama ko ƙasa, a 95 cikin kowane gwaji 100. Shi ya sa in ka ga an ce wane yana da kashi 44, abokin karawarsa yana da 42, kada ka yi wa kowa murna, kunnen doki suke. In ana so a rage tazarar nan ta koma rabi, sai an ninka mutanen sau huɗu, a tambayi 4,000. Wani abu kuma da 'yan jarida suke yi da ke ba ni haushi, sai a ɗauki mutum 1,000 ɗin nan a rarraba su jiha jiha, a ce ga yadda Kano za ta yi, ga yadda Jigawa za ta yi. Jiha 36 da Abuja, kowace ba ta samu mutum 30 ba. A nan tazarar kuskuren ta doshi kashi 20, wannan kuma ya zama duba.

Yauwa, amma inda gizo ke saƙar shi ne maganar da na yi ta cewa kowa yana da dama iri ɗaya. Bari in ba ku labarin Amurka a 1936. Wata mujalla mai suna Literary Digest ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10 ta gidan waya, sama da miliyan 2 suka dawo mata da amsa. Ta fito ta ce Alf Landon zai kayar da shugaba Roosevelt. Shi kuwa George Gallup, wani mai aikin jin ra'ayin jama'a, mutum wajen 50,000 ya tambaya, ya ce Roosevelt ne zai ci. Aka yi zaɓe, Roosevelt ya kwashe jiha 46 cikin 48. Me ya faru? Mujallar ta samo sunaye ne daga littafin masu wayar tarho da rajistar masu mota da masu sayen mujallar, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu. Masu hali ta fi tambaya, kuma cikin waɗanda ta tambaya ma, masu jin haushin gwamnati su suka fi zaƙuwa su mayar da amsa. Ba ta ƙara shekara biyu ba ta rufe. Yawan mutane bai cece ta ba.

Mu dawo gida. Kun tuna hayaniyar da aka yi kafin zaɓen 2023. A watan Satumban 2022 gidauniyar ANAP ta fitar da sakamakon da kamfanin NOI Polls ya tattara mata ta waya: Peter Obi kashi 21, Tinubu 13, Atiku 13, Kwankwaso 3. Kanun labarai duk suka ɗauka, Obi na kan gaba. Abin da mutane ba su karanta ba yana nan a layi na gaba: kashi 32 sun ce ba su yanke shawara ba, kashi 15 sun ƙi faɗa. Haɗa su, 47. Kusan rabin waɗanda aka kira ba su ambaci sunan kowa ba. Ni a wurina wannan 47 ɗin ita ce labarin, ta fi 21 ɗin nauyi nesa ba kusa ba. A watan dai, wani kamfani mai suna Premise ya yi wa kafar yaɗa labarai ta Bloomberg nasa ta manhajar babbar waya, ya ba Obi kashi 72 cikin waɗanda suka riga suka tsayar da gwaninsu. Sakamakon da INEC ta bayyana kuwa, Tinubu wajen kashi 37, Atiku 29, Obi 25, Kwankwaso 6. Na san an je kotu a kan sakamakon, kuma a gidan nan ma kowa da ra'ayinsa, ba wannan nake son tayarwa ba. Abin da nake nunawa shi ne tsakanin 72 da 25 akwai tafiya, kuma mai riƙe da babbar waya da data, yana cike tambayoyi a manhaja, ba shi ne manomin Gwarzo ko mai tallan fura a Bichi ba.

Ku ɗan kwatanta yadda kiran yake kasancewa a nan. Mutum yana tsaye a shago, mai saye na jira, baƙuwar lamba ta shigo, wata murya ta ce tana kira daga Abuja, wa za ka zaɓa? Da yawa abin da zai fara zo musu a rai shi ne 'yan damfara ne, ko kuma hukuma ce ke son jin bakinsu. Wani ya kashe wayar, wani ya ce “Allah dai ya zaɓa mana mafi alheri,” a rubuta shi cikin waɗanda ba su yanke shawara ba, alhali tun bara ya san inda zai dangwala. Wani kuma ya hango kamar akwai rabon kayan tallafi a bayan kiran, sai ya ambaci wanda yake jin mai kiran yana so. Sannan ga gidajen da waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, matan gidan da su ne ke cika layi ranar zaɓe ba wanda ya ji ta bakinsu. Ga ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis. Kamfanonin sun san da wannan, sukan gyara lissafin, su ƙara wa amsar mata ko ta mutanen karkara nauyi in sun ga sun yi kaɗan. To amma da wane ma'auni za a gyara? Rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006.

Sai babban ciwon kai, wato wa zai fita. Faɗin suna a waya ba ya cin kuɗin mota. A watan Fabrairun 2023 ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi da layin mai, waɗanda suka fita ba su wuce kashi 27 na masu rajista ba. Kamfanin Stears ya faɗa tun kafin zaɓe cewa in jama'a suka fito da yawa lissafinsa ya karkata ga Obi, in fitowar ta yi ƙasa Tinubu ne. Irin wannan na fi ganin mutuncinsa, don ya nuna maka igiyar da abin ke rataye a kai.

Kada kuma wani ya ce na ce duk shirme ne. Akwai Afrobarometer, wata ƙungiyar masu binciken ra'ayin jama'a, tun 1999 suke aiki a ƙasashen Afirka, har da Najeriya da Nijar da Ghana. Su ƙafa da ƙafa suke bi gida gida, su yi hira da mutum da harshen da ya zaɓa, rabi maza rabi mata, su kuma wallafa tambayoyin da yadda suka zaɓo gidajen don kowa ya duba. In irinsu suka ce ga abin da ya fi damun mutane, tsadar rayuwa ce ko tsaro ko rashin aiki, ina ɗauka da muhimmanci. Auna abin da ke ran mutane yau ya fi sauƙi a kan hasashen abin da za su yi nan da wata biyar.

Wanda ake yi a Facebook ko X kuwa, a ce danna nan in wane kake so, wannan kada ma a sa shi a lissafi. Mabiyan mai shafin ne ke dannawa, mutum ɗaya ya shiga da asusu biyar, 'yan jam'iyya su yi ta tura wa juna a ce a je a cika.

Hoton da ka turo ɗin nan Kawu, na buɗe shi na duba sama da ƙasa. Babu sunan wanda ya yi aikin, babu wanda ya biya kuɗinsa, babu adadin mutanen da aka tambaya, ba a faɗi ranar ba, ba a ce ta waya ce ko gida gida ba. Ba a kuma nuna yadda aka jera tambayar ba, alhali “wa za ka zaɓa” daban take da “za ka sake zaɓen wanda ya jefa ka cikin wannan hali,” kowa ya san amsar da ta biyun take nema. Kuma lambobin sun cika 100 cif tsakanin 'yan takara, ba ko mutum ɗaya da ya ce bai sani ba, a ƙasar nan tamu. Ni dai ba zan tura shi gaba ba. In wanda ya turo maka yana da cikakken rahoton, ya aiko mana mu duba tare. A gaida su Inna. Wassalamu alaikum.