Windows 7 a sabuwar laptop, zai hau kuwa?

Tambaya: Salamu alaikum. Ina da shagon buga kati da sitika a Zariya, na sayi sabuwar laptop Core i5 jenareshan na 12 ta zo da Windows 11, amma tsohon injina na yankan sitika Windows 7 kawai manhajarsa ta sani. Mai gyara ya gwada sa min 7 ɗin sai ta tsaya cak a tambarin Windows, yanzu yana cewa in ƙara kuɗi zai san dabarar da zai yi. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Gaskiya kar ka biya, riƙe kuɗinka. Ba wai mai gyaran bai iya ba ne, na'urar ce ba a ƙera ta don wannan aikin ba. Windows 7 fa tun 2009 ya fito, lokacin ba a fara yayin USB 3.0 ba balle ma'ajiyar bayanai ta SSD irin NVMe da ke cikin taka, shi ya sa ko ya tashi daga filas sai ka ga ya ce bai ga hard disk ba ko ya ce direba (ƙaramar manhajar da ke sa Windows ya gane wani sashe na na'urar) ta ɓace. Wannan tsayawar a tambari kuma yawanci daga BIOS ne (manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows), sabbin laptop da yawa sun cire abin da ake kira Legacy ko CSM wanda 7 yake dogara da shi wajen kunna allo, kuma ba maɓallin da za a danna ya dawo.

To a ce ma ya yi wuyar da zai yi ya cusa direbobi a cikin filas ɗin har ya hau, me ka samu? Wayafai ba ya aiki, tocpad ya mutu, hoto ya baje kamar an ja shi, saboda tun daga Intel jenareshan na 7 da AMD Ryzen Microsoft ta ce ba ruwanta da Windows 7 a kansu. Ga shi kuma ta daina ba shi kariya tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ma a lamba 109 ya tsaya masa. Ka kashe dubban ɗaruruwa kan sabuwa ka mai da ta gurguwa, haba dai.

Abin da zan ce ka yi, fara gwada VirtualBox, kyauta ne, sai a sa maka Windows 7 a cikinsa kamar wata ƴar kwamfuta a cikin Windows 11, a haɗa masa USB ɗin injin. Sau da yawa yana yi, amma wasu injinan masu dongul (ɗan makullin manhaja mai kama da filas) ko tsohuwar wayar siriyal suna gardama, don haka a gwada yanka ɗaya a gabanka kafin ka sallami mai gyara.

In ya ƙi, nemi tokumbo mai jenareshan na 4 ko na 5, irin ThinkPad T440 ko HP EliteBook 840 G1, waɗannan da 7 aka san su kuma direbobinsu suna nan. Ka ajiye ta kusa da injin, aikinta yanka kawai, kar ta taɓa intanet, kuma kar ka bari kowa ya zo da filas ɗinsa ya soka mata. Zane da harkar banki ka bar su a sabuwar.