Amsoshin Tambayoyinku: Na sayi Forsyth na ji lami

Malam, tun ina sakandare nake karanta Frederick Forsyth. Na tara kuɗi na sa aka kawo mini The Fox daga waje, amma da na karanta sai na ji lami. Ko ni ne na tsufa? Daga mai karatu, Zariya.

Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, lafiyarka ƙalau. Littafin ya fito a 2018, marubucin na da shekara 80. Abin da ya sa littafinsa The Day of the Jackal na 1971 ya hana mutane barci shi ne ɗan jarida ne ya rubuta abin da ya sani. Ya yi aiki a Faris zamanin shugaban Faransa de Gaulle, ya kuma zo Biyafara lokacin yaƙin basasa. Har yadda ake haɗa fasfon bogi sai da ya nuna maka daki-daki. To The Fox labarin yaro ne mai kutsen kwamfuta, alhali dattijon da tafireta ya saba rubutu. Yaron ya zauna, ƙofa ta buɗe, ba a nuna maka ta yaya ba. Nan gaba ka ara ka karanta babi biyu kafin ka taɓa aljihu. Wannan kuwa ka neme shi da musaya wajen masu gwanjon littattafai.

Na ga sabon littafin Robert Ludlum a gosulo, rabin kuɗin kanti. In saya? Daga Kaduna.

Wane sabon Ludlum? Mutumin ya rasu tun 2001. Duba ƙasan bangon, za ka ga sunan wani da ƙananan baƙaƙe, shi ya rubuta. Haka ake yi da Sidney Sheldon da ya rasu a 2007, da Tom Clancy da ya rasu a 2013. Wannan ma halal ne, da izinin magada. Abin da ke ƙona mini rai shi ne wancan rabin kuɗin. Araha ba ta ado. Na gosulo yawanci jabu ne: takarda shara-shara har kana hango rubutun bayanta, tawada na bin yatsa, gam ɗin ya saki kafin ka kai tsakiya. Wani ma shafuka sun ɓace, ko an maimaita babi guda. A labarin da duk daɗinsa ke shafin ƙarshe! Kuma wa za ka kama, motarku ta wuce? Da hannunmu muke ciyar da masu satar fasaha, sannan mu zo muna kukan marubutanmu na Hausa sun daina buga littafi. In ba a yarda ka ɓare leda ka duba lambobin shafi ba, mayar masa abinsa.

Mai kauri ya fi, ko siriri? Daga Maraɗi.

Littafi za ka saya ko katifa? Buɗe ka karanta shafin farko.