Shin "firi biza" ta Saudiyya abin dogaro ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani ejan ya yi wa ƙanena tayin "firi biza" zuwa Saudiyya. Ya ce da zarar ya sauka kafilinsa, wato wanda ya ɗauki nauyin shigarsa ƙasar, zai sake shi ya nemi aikin da yake so, sai dai ya riƙa ba shi wani abu duk wata. Wai kowa haka yake yi a can, hukuma ma ta sani ta kawar da kai. Gona muke shirin sayarwa. Mene ne gaskiyar lamarin?
Mai karatu daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ejan ɗin bai yi ƙarya ba da ya ce mutane da yawa haka suke yi. Abin da ya ɓoye maka shi ne wanda ke ɗaukar asara ranar da abu ya ɓaci.

A dokar Saudiyya babu biza mai wannan suna. Biza ce ta aiki, wadda aka fitar da sunan wani kafili, mutum ko kamfani, kuma igamar ma'aikaci, wato katin izinin zamansa a ƙasar, a ƙarƙashinsa take. Doka ta hana baƙo yi wa wani aiki in ba kafilinsa ba, ta hana shi yin sana'ar kansa, ta kuma hana kafilin sakinsa ya yi hakan. Abin da ake sayarwa a zahiri shi ne izinin shigo da ma'aikaci da wani ya samu alhali ba shi da aikin da zai ba shi. Sai ya sayar da gurbin, ya koma yana karɓar kuɗi duk wata.

Wannan yarjejeniya ta baki ce, ba shaida ba takarda. Duk shekara ƙanenka ne zai nemo kuɗin sabunta igama da izinin aiki da inshorar lafiya, duk da cewa a doka nauyin mai aiki ne. Zai miƙa wa kafili, ya jira ya ga ko za a biya. In aka saɓa, ko kafili ya ƙara farashi ƙanenka ya ƙi, akwai abin da ake kira hurub: kafili ya kai rahoto cewa ma'aikacinsa ya gudu. Daga nan matsayinsa na halal ya shiga haɗari, ko da bai taɓa ɓoye wa kowa inda yake kwana ba. Ina zai kai ƙara? In ya je ofishin ƙwadago ya ce an cuce shi, bayanin da zai yi shi ne shaidar cewa ya karya doka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ne ya fi damuna a lamarin, domin na ga yadda yake rufe bakin mutanen da ke da gaskiya.

Ba wannan kaɗai ba ce dabarar. Akwai masu shiga da bizar Umara su zarce, waɗanda muke kira takari. Akwai mata masu aikatau da ke tserewa daga gidan da ake hana su albashi su koma yin aiki a ɓoye. Akwai tasattur, inda baƙo ke da shago amma sunan ɗan ƙasa ne a takarda. Wanda ba shi da igama mai rai ba ya iya buɗe asusun banki, shi ya sa kuɗin gida ke bin hannun 'yan kasuwa da matafiya, ajiya kuma ta zama adashi. Ban ɗora wa waɗannan mutane laifi ba. Tsarin kafala ne ya ɗaure zaman mutum a hannun wani mutum, su kuma suka nemi hanyar numfashi.

Batun kawar da kai kuwa, yana da lokaci. Ƙasar tana buƙatar masu gini da shara da dako a farashi mai sauƙi, don haka akan daɗe ana kallo. Amma a 2013 an ba da wa'adin gyara takardu, yana ƙarewa a watan Nuwamba aka shiga kame, aka kori dubban ɗaruruwan baƙi. A Maris 2017 aka sake ba da wa'adin kwana 90 don masu zaman da ba bisa ƙa'ida ba su fice. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe tsofaffin unguwanni a Jidda, har da Karantina da Sabil, inda baƙi 'yan Afirka suka daɗe da zama. Wanda aka kama a yankin Makka da Jidda akan kai shi tarhil na Shumaisi, wato sansanin da ake tsare waɗanda za a kora, a ɗauki hoton yatsunsa, a hana shi dawowa aiki. Tasattur kuma sabuwar dokarsa ta kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5.

An yi gyara a Maris 2021, wanda ya ba ma'aikatan kamfanoni damar sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba sai da yardar kafili ba. Gyara ne na gaske, sai dai bai haɗa da masu aikin gida, direbobin gida, makiyaya da masu aikin gona ba, kuma mutanenmu da yawa waɗannan ayyukan suke yi.

Kada ku sayar da gonar a kan wannan tayin. In ƙanenka ya ƙuduri tafiya, ya nemi ejan ya nuna lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ya ga sunan wanda zai yi wa aiki da albashi a rubuce, ya tabbatar sana'ar da ke kan bizar ita ce zai yi. Kwangilar aikin kamfani ana rajistarta a manhajar Qiwa, ta aikin gida kuma a Musaned. In ejan ya kasa nuna muku waɗannan, kada ku ba shi ko kobo.